Jinin mai ciki: Tambaya biyu ce, muna amsa ɗaya

A makonnin baya na je gidan wani ɗan'uwana domin yin barka da arziki, ko kuma in ce jaje, don har yanzu ban san sunan da ya dace da wannan ziyara ba. Maiɗakinsa ce ta dawo daga asibiti da ranta, amma ba tare da jaririn da ta yi wata takwas tana ɗauke da shi ba. Da muka keɓe a zaure, sai ya warware mini yadda abin ya faru, kuma tun daga ranar maganar take ci mini rai, har na ga ya wajaba in kawo ta wannan fili.

Cikin yana wata bakwai ta wayi gari ta ga jini, ja wur, ba tare da ciwon mara ko na baya ba. Kasancewarta mace mai kula da addininta, abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne salla. Ta aika aka tambayi malamarsu ta Islamiyya, malama ta ba da amsar da ke cikin littafi, cewa ta ajiye salla har ya ɗauke. Bayan kwana biyu ya ɗauke, ta yi wanka, ta ci gaba da harkokinta. Da ya dawo bayan mako uku, surukarta ta kwantar mata da hankali da cewa akwai matan da haka halittarsu take, suna al'ada a kan ciki, ita kanta ta yi a cikinta na uku kuma ga yaron nan har ya yi aure. Karo na uku da tsakar dare ya zo, ya jiƙa katifa. Kafin a sami mota, a je wani ƙaramin asibiti inda babu likita babu jini, a sake ɗaukarta zuwa babba, ta daina gane mutane. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini leda 4. Likita ya ce mabiyiya ce ta zauna a bakin mahaifa, kuma da an yi hoton ciki tun ganin farko da an gano.

Abin da ya fi damuna, mai karatu, shi ne babu mugu a cikin wannan labari. Malama ta faɗi abin da ta karanta. Suruka ta faɗi abin da ta gani a jikinta. Miji bai hana kowa fita ba, hasali ma bai san da ganin farko ba, domin ba a saba gaya wa namiji irin wannan magana ba. Kowa ya yi abin da ya san daidai ne, amma duk da haka aka binne jariri, uwar kuma ta leƙa kabari ta dawo.

Bari in fara da ɓangaren malamai, tun da nan ne mafi yawan matanmu suke fara kai tambayarsu. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san cewa a mazhabar Imam Malik, wadda ita ce muka tashi a kanta a wannan yanki, ana ɗaukar cewa mai ciki tana iya yin haila. Littafin Ahalari, wanda kusan shi ne farkon abin da ɗalibi yake karantawa a fiƙihu, ya ƙayyade mata kwanaki: kimanin 15 idan cikin ya wuce wata uku, kimanin 20 idan ya kai wata shida. Haka yake a Muktasar na Shaihu Khalil, masu sharhi kuma suka faɗaɗa kwanakin zuwa 20 da 30. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin da Imam Malik ya ce ya iske shi daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, a kan cewa mai cikin da ta ga jini za ta bar salla. Shafi'awa ma, a ra'ayin da ya fi rinjaye a wurinsu, suna kan wannan. Hanafawa da Hambalawa kuwa suna ganin mai ciki ba ta haila, jinin da ta gani na ciwo ne, saboda haka za ta tsarkake jikinta ta ci gaba da salla da azumi.

Ni ba malami ba ne, kuma ba zan tsoma baki a saɓanin da manyan limamai suka yi sama da shekara dubu da suka wuce ba. Abin da nake so a lura da shi ɗaya ne. Tambayar da waɗannan bayin Allah suka amsa ita ce ta ibada: ta yi salla ko ta bari, ta yi azumi ko ta sha, mijinta ya kusance ta ko ya ƙaurace. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce jinin ba shi da haɗari, ko ya ce wadda ta gan shi ta zauna a ɗaki tana ƙirga kwanaki har 20 ba tare da neman magani ba. Mu ne muka ɗauki hukuncin salla muka mayar da shi takardar likita. Da zarar an kira jinin da sunan al'ada, sai hankalin kowa ya kwanta, domin kalmar kanta tana nufin abin da aka saba, kuma ba a kai mutum asibiti a kan abin da aka saba.

A ɓangaren likitoci kuwa maganar ba ta da saɓani. Haila, a yadda suka fahimce ta, zubar shimfiɗar da mahaifa take yi ce kowane wata domin tarbar ciki. Idan ciki bai shiga ba, sinadaran da ke riƙe da shimfiɗar sai su ragu, ta ɓaɓɓake ta fita. Idan kuwa ya shiga, jiki yana ci gaba da samar da waɗannan sinadarai domin shimfiɗar ta zauna daram, tun da a cikinta ne ɗan tayi ya kafe. Ke nan duk jinin da ya fito bayan shigar ciki daga wani wuri ya fito, kuma yana da dalili. Wani dalilin mai sauƙi ne, wani kuma kisa yake yi, kuma babu mace ko ungozoma ko ma likitan da zai iya rarrabe su da ido kawai.

A watanni uku na farko ganin jini ba baƙon abu ba ne, domin kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar tana ganinsa, kuma da yawa daga cikinsu cikin yakan ci gaba har a haihu lafiya. Akwai ɗan ɗigon da wasu kan gani daidai lokacin da suke sa ran al'ada, sa'ilin da cikin yake kafuwa. Akwai wanda yake fitowa daga bakin mahaifa, wanda ciki yake sa shi taushi, musamman bayan saduwa ko idan akwai ciwon sanyi. Ina kyautata zaton irin wannan ne surukar da na ambata ta gani a zamaninta, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai dai kuma da irin wannan jini ɓari yake farawa. Ya kamata a nan in faɗi wani abu da zai rage wa mata zargin kai da zargin juna: kusan rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda ƙwayoyin halittar ɗan tayin ba su haɗu daidai ba tun daga farko. Ba daka ba ne, ba ɗibar ruwa ba ne, ba kuma hannun kishiya ba ne. Haɗarin da ke cikinsa ga uwa shi ne idan wani abu ya saura a mahaifa, ya ci gaba da jawo zubar jini ko ya ruɓe ya sa zazzaɓi.

Wanda ya fi ba ni tsoro a wannan zango shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a cikin siririn bututun da ƙwai yake bi. Yana faruwa a ciki 1 ko 2 cikin kowane 100. Matar takan ga al'adarta ta yi jinkiri, sai ɗan jini ya zo baƙi-baƙi da ciwo a gefe ɗaya na mara, sai ta ce ai ga ta nan ta zo. Sau da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Bututun nan ba ya iya ɗaukar ɗan tayi yana girma, saboda haka yakan fashe, jinin kuma ya zuba a cikin ciki inda ba mai ganinsa. Jiri, da suma, da gumi mai sanyi, da ciwo a kan kafaɗa, su ne alamun. Mata nawa ne aka ce sun yanke jiki sun faɗi a tsakar gida, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da tofi har rai ya yi halinsa? Gwajin fitsari na ciki, wanda ake samu a kowane kemis, da hoton ciki, su ne suke tona wannan asiri kafin lokaci ya ƙure.

Idan ciki ya tsufa kuwa, lissafin ya sake. Dab da haihuwa, jinin da yake ratsa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti ɗaya, alhali duk jinin da ke jikin matar bai wuce lita 5 zuwa 6 ba. Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa ya ga minti nawa ake da su idan hanya ta ɓalle. Manyan dalilai biyu ne. Na farko shi ne wanda ya sami matar ɗan'uwana, wato mabiyiya ta zauna a ƙasa ta toshe ƙofar fita, abin da ake samu a kusan ciki 1 cikin 200 a ƙarshen goyon ciki. Mugun halinsa shi ne ba ya ciwo, kuma yakan zo kaɗan ya ɗauke, kamar mai sallama kafin ya shigo. Wannan ɗaukewar ita take yaudarar mutane, domin ta yi kama da al'ada sak. A irin wannan hali, sa hannu domin duba ko haihuwa ta zo, kamar yadda wasu ungozomomi suke yi da kyakkyawar niyya, yana iya yaga mabiyiyar ya ɓalle jinin gaba ɗaya, shi ya sa ko a asibiti ƙa'ida ita ce a yi hoto kafin a taɓa. Na biyu shi ne mabiyiya ta ɓanɓaro daga jikin mahaifa kafin a haihu. Wannan yana zuwa da ciwo mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar dutse, motsin ɗa ya ragu, kuma jinin da aka gani a waje yana iya zama ɗan kaɗan alhali mai yawan ya taru a ciki. Hawan jini na cikin manyan abubuwan da suke jawo shi, wanda kuwa a wurin awo ake gano shi cikin minti biyu.

Akwai wani abu kuma da ba kasafai ake faɗa wa mata ba. Wadda rukunin jininta yake cikin waɗanda ake kira nagetif, idan ta zubar da jini a kan ciki ko ta yi ɓari, akwai allurar da ya kamata a yi mata cikin awa 72 domin kada jikinta ya riƙa yaƙar jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba. Wasu daga cikin matan da muke kira masu wabi, da an bincika, nan matsalarsu take.

Wani zai ce ai iyayenmu da kakanninmu sun haihu goma-goma a ɗaka ba tare da hoton ciki ba. Gaskiya ne, amma waɗanda suka rayu ne suke ba mu labari. Waɗanda jini ya tafi da su ba sa nan balle su faɗi nasu, sai dai marayun da suka bari a hannun kishiyoyi da kakanni. Ba banza ba Bahaushe yake cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira. Alƙaluman da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2025 sun nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Zubar jini shi ne kan gaba a dalilan, da kusan kashi 27 cikin 100 a duniya baki ɗaya. Domin adalci, mafi yawan wannan jinin bayan haihuwa yake zuba, kuma a nan an sami ci gaba na a zo a gani: binciken da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da wuri da haɗa magunguna a lokaci ɗaya ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. To amma wannan duk ga wadda ta isa asibiti ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti.

Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne yake kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku a wuyan hukuma suke, kuma zan zo kansu. Na farkon kuwa namu ne, a cikin ɗakunanmu yake, kuma shi ne mafi tsawo. Matar ɗan'uwana ta yi awa biyu a hanya da neman likita, amma ta yi sama da wata guda a gida tsakanin ganin farko da na ƙarshe.

Saboda haka roƙona na farko ga malamanmu ne, maza da mata, musamman masu amsa tambayoyi a rediyo da masu koyar da matan aure a Islamiyyu, domin maganarsu tana shiga inda ta nas ba ta shiga. Ba na neman kowa ya sauya fatawarsa. Wanda yake kan ra'ayin Malikiyya ya faɗa, wanda yake ganin ɗaya ra'ayin ya fi ƙarfi ya faɗa. Amma ya ƙara jimla ɗaya a ƙarshe: wannan hukuncin salla ne, maganar lafiyarki kuwa ki je asibiti yau, kada ki jira ya ɗauke. Kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a da malaman nan suke karantar da mu, kuma ban ga abin da wannan jimla za ta rage wa fatawa ba. Zai yi kyau ma a ce duk lokacin da aka zo babin haila a aji, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi bayanin rabin awa. Galibi ma akwai su a cikin ɗaliban.

Sai mu maza. Kunya ado ce, ban musa ba, amma kunyar da za ta sa mace ta ɓoye wa mijinta cewa tana zubar da jini ta wuce gona da iri, kuma mu ne muka gina ta da irin yadda muke kau da kai daga duk abin da muka kira sha'anin mata. Abin ya fi muni ga mai cikin fari, yarinya ƙarama wadda al'ada ta hana ta ko ambaton cikin, balle abin da ke fita daga jikinta. Ya kamata kowane magidanci ya ba da izini tun ranar da aka san akwai ciki, a gaban mahaifiyarsa da sauran mutanen gida, cewa idan an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburi, ko ɗa ya daina motsi, a tafi asibiti ko yana gari ko ba ya nan. Ya san rukunin jinin matarsa. Ya san mutum biyu ko uku da za su iya ba ta jini, ya kuma san mai motar da zai buga wa ƙofa da ƙarfe biyun dare. Abin kunya ne a ce mutumin da zai tara ɗaruruwan jama'a ranar suna ya rasa mutum ɗaya da zai miƙa hannu a ɗebi jininsa, sai an koma ciniki da masu sayarwa a bakin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta je awo sau 8, a kuma yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24. Kuɗin wannan hoto bai kai na turmin atamfar fitar suna ba.

Game da hukuma ba zan tsawaita ba, domin an faɗa har baki ya gaji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa bisa kowane dalili, amma har gobe ana tsayar da mai zubar da jini a kan benci ana jiran a biya kuɗin kati. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mun yaba, amma tiyata ba ta yiwuwa sai da likita a wurin, da wuta, da jini a firji. Abin da nake so gwamnonin jihohinmu su amsa shi ne: a kowace ƙaramar hukuma, asibiti nawa ne zai iya yi wa mace aiki ya kuma ƙara mata jini da tsakar dare? A buga sunayensu, a karanta a rediyo, a liƙa a ƙofar kowane masallaci da gidan mai unguwa, domin kada a ƙara ɓata awa guda ana yawo da mace daga wannan ƙofa zuwa waccan. Kuma a koya wa ungozomomin gargajiya abu ɗaya ko da ba a koya musu komai ba, cewa mai cikin da ke zubar da jini ba a sa mata hannu, ba a ba ta jiƙo, mota ake nema.

Kafin in bar gidan, na nemi izini na gaisa da matar daga bakin ƙofa. Muryarta ba ta fita sosai. Ta ce da ni, “Yaya, wallahi da wani ya ce mini in je, da na je. Ni dai tsorona kada in yi salla ba tsarki.” Likita ya gaya mata cewa duk cikin da za ta ƙara ɗauka sai an sa mata ido tun daga farko, kuma a asibiti za ta haihu. Mijin ya rako ni har bakin titi, a hanya yake gaya mini cewa daga cikin leda 4 ɗin nan, biyu ƙannensa ne suka bayar, biyun kuwa saya aka yi, kuma har yanzu bai gama biyan bashin ba.